Murar 2009: Ƙasar Da Ta Faɗi Gaskiya, Da Hajjin Da Ba A Fasa Ba

 

Tun daga watan Maris na 2024, lokacin da aka tabbatar da cewa murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta shiga garken shanun madara a jihohin Texas da Kansas na Amurka, masana harkar lafiya suke ta maimaita tambaya guda: idan wata sabuwar mura ta samu hanyar tsallakawa daga mutum zuwa mutum, me gwamnatoci za su yi a makonnin farko? Amsar ba ta buƙatar dogon hasashe, domin an riga an jarraba su a shekarar 2009, kuma abin da kowace ta yi yana nan a rubuce. Mu Musulmi muna da dalili na musamman na waiwayar waccan shekara, saboda cutar ta ɓulla a watan Afrilu, aikin Hajji kuma ya faɗo a ƙarshen Nuwamba. Wata bakwai kacal ke tsakani.

A tsakiyar Afrilun 2009 ne hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta gano wata baƙuwar ƙwayar mura a jikin yara biyu a kudancin jihar Kalifoniya. A daidai wannan lokaci likitocin ƙasar Meziko suna cikin ruɗani. Lokacin mura ya kamata a ce ya wuce, amma asibitoci na ta karɓar masu ciwon huhu mai tsanani, da yawansu samari da magidanta masu jini a jika, alhali an saba ganin irin wannan ga tsofaffi da jarirai. Gwamnatin Shugaba Felipe Calderon ta aika samfurin da aka ɗauka daga marasa lafiya zuwa babban ɗakin gwaje-gwaje na birnin Winnipeg a Kanada, da kuma Amurka. Ranar 23 ga Afrilu sakamako ya fito: sabuwar ƙwayar cuta ce, mai ɗauke da ɓurɓushin murar aladu da ta tsuntsaye da ta ɗan'adam. Washegari aka wayi gari makarantun babban birnin ƙasar a rufe. Daga nan aka dakatar da taron ibada a majami'u, aka buga wasannin ƙwallo filaye babu 'yan kallo, sojoji suka riƙa raba takunkumin fuska a kan tituna, sannan daga 1 zuwa 5 ga Mayu aka tsayar da duk wani aikin da ba na dole ba a faɗin ƙasar.

Ranar 25 ga Afrilu shugabar Hukumar Lafiya ta Duniya, Dakta Margaret Chan, ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa da ta shafi ƙasashen duniya. Wannan shi ne karo na farko da aka yi amfani da wannan iko, wanda ya samo asali daga Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa da aka sabunta a 2005, suka fara aiki a watan Yunin 2007.

Ya kamata mai karatu ya san dalilin sabunta dokokin, don shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. A ƙarshen 2002 cutar SARS ta ɓulla a kudancin ƙasar Sin, hukumomi suka rufa mata asiri tsawon watanni, har ta bi jirage zuwa ƙasashe kusan talatin, ta kashe mutum kusan 800. Sai da ta kai an tuɓe ministan lafiya na Sin da magajin garin Beijing a Afrilun 2003. Ƙasashe suka zauna suka ce ba za a sake haka ba, suka ƙulla yarjejeniyar ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. Ƙasar da ta ga baƙuwar cuta wajibi ne ta sanar da Hukumar cikin sa'o'i 24 bayan ta tantance haɗarin. Sauran ƙasashe kuwa sun ɗauki alkawarin ba za su ƙuntata wa matafiya da kayan cinikinta fiye da abin da hujjar ilimi ta nuna ba, kuma wadda ta wuce shawarar Hukumar dole ta kawo dalili. Meziko ta cika nata ɓangaren alkawarin. Saura na sauran.

Sakayyar da aka yi wa Meziko

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa tun farko cewa ba ta ba da shawarar rufe iyakoki ko hana tafiye-tafiye ba, domin cutar ta riga ta fita. Duk da haka Kyuba da Ajantina, masu harshe ɗaya da Meziko, suka dakatar da jiragen da ke zuwa daga can. Rasha da Sin da wasu ƙasashe suka hana shigo da naman alade daga Meziko da wasu jihohin Amurka, ko da yake hukumomin lafiya da na abinci sun bayyana cewa cutar ba ta wannan hanya take yaɗuwa ba. Masu yawon buɗe ido suka ƙaurace. Wani bincike da aka wallafa daga baya ya ƙiyasta cewa ƙasar ta yi asarar baƙi kusan miliyan ɗaya, da kuɗin shiga kimanin dala biliyan 2.8.

Hatta sunan cutar sai da ya zama rikicin diflomasiyya. Mataimakin ministan lafiya na Isra'ila, Yaakov Litzman, ya ce bai dace a riƙa ambaton alade ba, gara a kira ta da sunan Meziko, nan take jakadan Meziko ya shigar da ƙorafi. Masu kiwon aladu a Amurka su ma suka yi ca, suna cewa sunan na karya musu kasuwa. Ranar 30 ga Afrilu Hukumar ta daina cewa murar aladu, ta koma kiranta H1N1, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, har yau da tsohon sunan jama'a suka san ta. Tsoron Meziko yana da tushe. Annobar murar 1918, wadda ta hallaka miliyoyin mutane a duniya, har yanzu da sunan Sifaniya ake kiranta, ba don daga can ta taso ba. Sifaniya ba ta cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, jaridunta ba su ƙarƙashin takunkumin soja, sai suka ba da labarin cutar a fili har da rashin lafiyar sarkinsu, yayin da ƙasashen da ke yaƙi suka yi gum. Wadda ta yi magana ita aka liƙa wa suna.

Mafi zafin rikicin da Sin aka yi shi. Ranar 1 ga Mayu aka tabbatar da cutar a jikin wani ɗan Meziko da ya bi ta Shanghai ya isa Hong Kong. Hukumomi suka rufe otal ɗin da ya sauka, da baƙi da ma'aikata kusan 300 a ciki, har tsawon mako guda. A sauran biranen Sin aka killace 'yan Meziko kusan 70. Ministar harkokin wajen Meziko, Patricia Espinosa, ta kira matakin nuna wariya, ta kuma shawarci 'yan ƙasarta su guji zuwa Sin. Ƙorafin da jami'anta suka fi nanatawa shi ne cewa cikin waɗanda aka tsare akwai waɗanda ba su da wata alamar ciwo, ba su kuma shiga jirgi ɗaya da marar lafiyan ba, fasfo ɗinsu kawai aka duba. Ƙarshenta kowace ƙasa ta yi hayar jirgi ta kwaso mutanenta. Abin mamaki, a cikin wannan makon ne jirgin kayan agajin da Sin ta aika ya sauka a Meziko.

Adalci ya sa a ce Sin tana da uzurinta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ƙasa mai mutum sama da biliyan ɗaya da ta sha wuyar SARS shekara shida da suka wuce ba za ta tsaya jiran tabbaci ba. Wani ɗalibi ma zai iya cewa ai abin da ta yi bai saɓa wa abin da muke karantawa a babin annoba ba. To, a nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau.

Abin da ya faru a Sargu

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, labarin tafiyar Halifa Umar ɗan Haɗɗabi zuwa Sham a zamanin annobar Amwas. Da ya isa wani wuri da ake kira Sargu, sai kwamandojin runduna, cikinsu har da Abu Ubaida ɗan Jarrahu, suka tarye shi suka shaida masa cewa annoba ta ɓarke a Sham. Umar bai yanke hukunci nan take ba. Ya kira Muhajirai na farko ya nemi shawararsu, suka rabu biyu. Ya kira Ansaru, su ma suka rabu. Ya kira dattawan Ƙuraishawa, su kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan a koma Madina. Bayan ya tsai da shawarar komawa ne Abdurrahman ɗan Aufu, wanda ba ya nan lokacin tattaunawar, ya zo da abin da ya ji daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ma'anarsa ita ce hana shiga ƙasar da annoba ta faɗa, da hana wanda ke cikinta fita don gudun ta.

Abu na farko da ke cikin wannan ƙissa, wanda ba a cika tsayawa a kansa ba, shi ne cewa kwamandojin sun faɗa wa shugaba gaskiya tun kafin ya ƙarasa, kuma bai ɗauke su masu laifi ba. Na biyu, hukuncin ya rataya ne a kan wuri da yiwuwar kamuwa, babu ruwansa da ƙabila ko asali. Mutumin Sham da ke zaune a Madina shekara da shekaru babu wanda zai tsare shi don kawai shi mutumin Sham ne. Killace wanda ya zauna kusa da marar lafiya a jirgi abu ne da hankali da shari'a suka yarda da shi. Killace mutum saboda launin fasfonsa kuwa wani abu ne daban. Kuma illar hakan ba ta tsaya ga waɗanda aka tsare ba. Kowane ministan lafiya a duniya yana kallon abin da ya samu Meziko, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Gobe idan baƙuwar cuta ta ɓulla a ƙasarsa, ministan kuɗi da na yawon buɗe ido za su tuna masa da wannan darasi kafin ya ɗaga waya ya kira Jeniba. Dakta Chan ta fahimci haka, shi ya sa ta je birnin Cancun a farkon Yuli ta yaba wa Meziko a bainar jama'a kan saurin sanarwa da rashin ɓoye-ɓoye. Yabo dai ba ya cika ɗakunan otal.

Aladun Alƙahira

Ranar 29 ga Afrilu gwamnatin Shugaba Husni Mubarak ta ba da umarnin a kashe duk aladun da ke Masar, kimanin 300,000. A ranar babu mutum ko ɗaya da aka samu da cutar a ƙasar, babu kuma alade ko ɗaya. Gaskiya ne binciken da aka yi daga baya ya nuna asalin ƙwayar daga aladun tsakiyar Meziko ta fito, amma a lokacin da duniya ta san da ita ta riga ta zama cutar mutane, tari da atishawa ke ɗauke da ita. Babban likitan dabbobi na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya fito ya ce matakin kuskure ne. Da suka ta yi yawa, jami'an Masar suka sauya harshe, suka ce batun tsabtar gari ne gaba ɗaya. An bar jaki ana dukan taiki.

Masu aladun nan yawancinsu Kiristoci Kibɗawa ne matalauta, masu sana'ar kwasar shara, mazauna unguwanni irin su Manshiyat Nasir a gindin dutsen Muƙaɗɗam. Suna bi gida-gida su kwashe sharar Alƙahira, su ware robobi da ƙarafa da takardu su sayar, ragowar abinci kuma su zuba wa dabbobinsu. A farkon Mayu suka yi arangama da 'yan sanda, suna cewa diyyar da aka ambata ba ta kai darajar abin da aka raba su da shi ba. Da aladun suka ƙare, babu sauran riba a kwasar ruɓaɓɓen abinci, sai suka bar shi. Kafin kaka titunan birnin sun cika da tulin shara. Murar kuwa ta shigo a farkon Yuni ta filin jirgin sama, a jikin matafiya, kamar yadda ta shiga ko'ina.

Na san akwai masu karatu da zuciyarsu za ta ce ai madalla, an rage ƙazanta. Haramcin cin naman alade ga Musulmi ba abin tattaunawa ba ne. Sai dai tambayar da ke gabanmu ita ce ko hukuma tana da ikon hallaka dukiyar talakawanta da sunan cutar da dukiyar ba ta ɗauke da ita. Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'idar cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan jama'a an ɗaure shi da maslaharsu. Sun kuma yi magana a kan wannan mas'ala da kanta tun ƙarnoni da suka shuɗe: a wajen Malikawa da Hanafawa, wanda ya lalata aladen wanda ba Musulmi ba, mai zaune ƙarƙashin amanar Musulmi, sai ya biya shi, domin a wurin mai shi dukiya ce. Shafi'awa da Hanbalawa ba su wajabta biyan ba, amma su ma ba su halatta a far wa kayan mutane haka kawai ba. Mazhabar da akasarinmu muka tashi a cikinta tana ɓangaren mai sharar Manshiyat Nasir a wannan shari'a.

Taron Jidda

Ranar 11 ga Yuni Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga gargaɗinta zuwa mataki na shida, wato annobar ta game duniya, karo na farko tun bayan murar 1968. Idanu suka koma kan Saudiyya. Azumi zai kama a watan Agusta da cunkoson masu Umara, sannan mutum sama da miliyan biyu daga kowace kusurwa za su taru a Mina da Arfa, kafaɗa da kafaɗa, a lokacin sanyin arewacin duniya, allurar rigakafi kuma ba a ko gama haɗa ta ba.

Hajji ya daɗe a tsakiyar siyasar lafiya ta duniya. Kwalarar 1865 ta kashe dubban alhazai, ta bi masu komawa zuwa Masar da Turai, abin da ya jawo babban taron ƙasashe a Istanbul a 1866, daga baya aka kafa sansanonin killace alhazai a tsibirin Kamaran da ke Bahar Maliya da kuma garin Ɗur a Sina'i. A waɗancan shekaru Turawan mulkin mallaka ne ke yanke wa alhazai hukunci, galibi don kare garuruwansu. A zamaninmu sanƙarau ya ɓarke a Hajjin 1987, sannan wani nau'insa a 2000 da 2001, wannan ne asalin allurar da ake wajabta wa kowane maniyyaci har yau.

A ƙarshen Yunin 2009 ma'aikatar lafiya ta Saudiyya, ƙarƙashin Dakta Abdullahi Arrabi'a, likitan tiyatar da ya yi suna wajen raba tagwayen da aka haifa a manne, ta gayyato masana daga Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka da wasu ƙasashe zuwa Jidda. Suka shafe kwanaki suna duba filin jirgi da asibitoci da tsarin sa ido, suka fitar da shawarwari waɗanda daga baya aka buga a mujallar likitanci ta Lancet don kowa ya gani. Babbar shawarar ita ce tsofaffi da mata masu juna biyu da ƙananan yara da masu cututtukan da suka daɗe a jiki su ɗage tafiyarsu zuwa wata shekara. Ranar 22 ga Yuli ministocin lafiya na ƙasashen Larabawa suka haɗu a Alƙahira, 'yan kwanaki bayan Masar ta sanar da mutuwarta ta farko, wata matashiya da ta dawo daga Umara. Suka amince a hana waɗanda suka haura shekara 65, da waɗanda ba su kai 12 ba, da masu ciwo mai tsanani.

Saudiyya ba ta rage wa kowace ƙasa kujerunta ba, kuma daga bisani ta bayyana cewa ba za ta mayar da kowa daga filin jirgi saboda shekarunsa ba, tantancewa tana wuyan ƙasashen da ke turo alhazai. Ana iya sukar wannan da cewa tura nauyi ne ga wasu. A ganina akwai hikima a ciki. Dattijon da ya shekara ashirin yana tara kuɗin kujera, ya sayar da shanunsa, ba a bakin ƙofar Jidda ya kamata a ce masa ya koma ba. Likitan garinsu da malaminsa su ne suka fi dacewa su zaunar da shi tun a gida, su fahimtar da shi cewa Hajji an wajabta shi ne ga mai iko, lafiyar jiki da amincin hanya kuma suna cikin ikon da ake magana, don haka wanda ya jinkirta saboda uzuri na gaskiya bai yi laifi ba.

Kowace ƙasa ta bi hanyarta. Iran ta hana 'yan ƙasarta Umarar watan Ramadan. Tunisiya ta wuce kowa, a watan Oktoba ta sanar cewa ba za ta tura alhazai ba a shekarar, tana mai cewa ba za ta samu allurar rigakafi a kan lokaci ba. Sauran, har da Najeriya da Nijar, suka tura mutanensu. A filin jirgin Jidda aka girke na'urorin auna zafin jiki, aka ware wuraren killace marasa lafiya, aka tanadi magani, ministan lafiya kuma ya miƙa hannunsa aka yi masa allurar a gaban 'yan jarida don kwantar da hankalin masu ɗari-ɗari da ita.

Kafin a fita Mina hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mahajjata huɗu: tsofaffi uku 'yan shekara 75 daga Maroko da Sudan da Indiya, da wata 'yar Najeriya mai shekara 17. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi niyyarsu. An yi tsayuwar Arfa ranar Alhamis 26 ga Nuwamba. Da aka kammala, ministan ya ce mutum 73 aka tabbatar sun kamu, biyar suka rasu. Ko shakka babu waɗanda suka kamu ba a gwada su ba sun fi haka yawa, domin tarin Hajji ba baƙon kowa ba ne, amma bala'in da aka ji tsoro bai auku ba. Musibar makon ta zo ne ta inda ba a zata ba. Ranar 8 ga Zulhijja aka tafka ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ambaliya ta kashe mutum sama da 100 a birnin Jidda.

Ba za a ce shiri kaɗai ne ya kawo wannan sakamako ba. Cikin rahamar Allah ƙwayar ba ta kai tsananin da aka zata da farko ba, kuma tsofaffi da yawa suna da ragowar kariya daga wata mura mai kama da ita da suka gamu da ita a ƙuruciya. Amma a lura da wani abu: watanni bakwai na shirin da Saudiyya ta samu, da damar da kamfanoni suka samu ta fara haɗa allura tun daga bazara, duk sun samo asali ne daga samfurin da aka gwada da sanarwar da aka yi a Afrilu. Da Meziko ta yi abin da aka yi a 2003, da mai yiwuwa a tantunan Mina za a fara jin sunan cutar. Lafiyar mahajjacin da ya taso daga Gusau ko Maraɗi tana rataye da gaskiyar wani jami'i a ƙasar da bai taɓa jin sunanta ba.

Wa ya samu allura?

Hujjar da Tunisiya ta kawo ta tona wani asiri. Kafin annobar ta ɓulla, ƙasashe masu arziki sun riga sun ƙulla yarjejeniya da kamfanonin magani cewa su za a fara ba. Faransa kaɗai ta yi odar allura miliyan 94, ga al'ummar da ba ta kai miliyan 70 ba, bisa zaton kowa zai buƙaci biyu. A watan Satumba Shugaba Barack Obama ya yi alkawarin ba da kashi goma cikin ɗari na allurar Amurka ga ƙasashe matalauta, wasu ƙasashe takwas suka bi sahu. Da aikin haɗa allurar ya yi jinkiri, sai gwamnatinsa ta ce sai ta fara biyan buƙatar mutanenta. Kowa tasa ta fisshe shi. Allurar taimako ta farko ba ta isa ko'ina ba sai Janairun 2010, bayan an gama Hajji, bayan kuma guguwar cutar ta lafa a Turai da Amurka. A cikin wannan watan Faransa ta soke odar miliyan 50. A ƙarshe Hukumar ta raba kimanin miliyan 78 ga ƙasashe 77. An ayyana ƙarshen annobar ranar 10 ga Agustan 2010, da mace-mace kusan 18,500 da aka tabbatar a ɗakin gwaji. Wani ƙiyasi da aka fitar a 2012 ya ce ainihin adadin shekarar farko yana tsakanin 151,700 da 575,400, kuma kimanin rabinsu a Afirka da kudu maso gabashin Asiya ne, wuraren da allurar ta isa a makare.

Akwai ƙasar da ta hango haka tun kafin ya faru. A farkon 2007 Indunusiya, wadda murar tsuntsaye ta fi yi wa ɓarna a rayuka a wancan lokaci, ta daina aika samfurin ƙwayar H5N1 ga cibiyoyin Hukumar. Ministar lafiyarta, Siti Fadilah Supari, ta ce ana karɓar samfuri kyauta daga gawar talakawansu, a miƙa wa kamfanoni, su yi allura su sa mata farashin da Indunusiya ba za ta iya biya ba. An zarge ta da jefa duniya cikin haɗari, kuma zargin yana da ƙamshin gaskiya, domin ɓoye samfuri ɗan'uwan ɓoye labari ne. Amma abin da ya faru a 2009 ya gaskata kukanta. A watan Mayun 2011 babban taron Hukumar ya amince da wani tsari na musamman kan mura: ƙasashe su ba da samfuri, kamfanonin da ke amfana su riƙa biyan gudummawar kuɗi duk shekara, su kuma ware wani kaso na allura da magani ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi idan annoba ta zo. A 2015 aka fitar da ƙa'idar raɗa wa sababbin cututtuka suna, wadda ta hana amfani da sunan ƙasa ko gari ko mutum ko dabba.

Tsarin 2011 mura kawai ya shafa, shi ya sa bai yi aiki a zamanin korona ba. Halin hukunta mai faɗin gaskiya shi ma bai gushe ba. A Nuwambar 2021 masana a Afirka ta Kudu da Botswana suka sanar da nau'in Omicron, cikin kwana biyu aka rufe musu ƙofofi, a farkon Disamba kuma Birtaniya ta saka Najeriya a jerin ƙasashen da ta hana matafiyansu shiga. Ranar 20 ga Mayun 2025 ƙasashe suka amince a Jeniba da yarjejeniyar tinkarar annoba ta gaba, bayan sama da shekara uku ana ja-in-ja, ba tare da Amurka ba, wadda Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan ficewarta daga Hukumar a watan Janairun shekarar. Sashe guda aka kasa kammalawa a zaman, aka ɗage shi zuwa wata tattaunawa, kuma aka ce ba za a buɗe yarjejeniyar don sa hannu ba sai an gama shi. Shi ne sashen da ke fayyace abin da ƙasar da ta ba da samfurin ƙwayar cuta za ta samu daga allurar da aka yi da shi.